Ƙararrawar Karumba da Safar da ta Ɓace

Litinin, 7 ga Yuli, bakwai da kwata na safe

Ni Lindsay Treloar, wanda ya koyar da tarihi shekara talatin da shida a Castlemaine ba tare da gundura ta kashe ɗalibi ko ɗaya a gabansa ba, ina rubuta wannan domin na baya su sani. Yau da safe, ina tsakiyar wanka a cikin motar da ta zama gidanmu, kaina cike da kumfa, wani ɗan farin faranti da ke manne a bango ya buɗe baki ya kurma ihu.

'Yarmu Bronwyn ce ta manna shi da hannunta kafin mu baro gida. Aikinsa ɗaya: ya shaƙi gubar nan da gas ke fitarwa idan bai ci da kyau ba, wadda ba ta da wari ba ta da launi, ya sanar da mu kafin mu yi barcin da ba a tashi. Wata biyar yana zaman bebe. Sai da na kunna hitar ruwa a karon farko tun isowarmu Karumba, sannan ya tuna yana da murya.

Kafin in laluba tawul, matata Merrilyn ta buɗe tagogi, ta rufe tukunyar gas, ta fita rumfa. Na bi ta cikin mutunci, gwargwadon abin da tawul mai hoton kada ke iya bai wa ɗan shekara saba'in da ɗaya.

Maƙwabcinmu Bruno Zappala, tsohon manomin rake daga Ingham, ya ɗago kofinsa. "Farfesa! Haka kuke gaida jama'a a kudu?"

Litinin, biyar na yamma

Zaman hirar da muke yi kullum da ƙarfe huɗu a sansanin matafiya ya koma kotu. Kowa ya jawo kujerarsa ta naɗewa da abin shansa, kuma ashe duk wani mai furfura a sansanin nan injiniya ne da duniya ba ta gano ba. Wani ya ce feshin sauro ne. Wani ya ce janaretan wani maƙwabci ne, mutumin Tasmania. Bruno ya ce shi dai ya ga gwangwanin waken da na ci jiya.

Na ba su labarin dinyoyin da suka ceci birnin Rum da kukansu, na kuma nuna cewa tarihi bai adana yawan lokutan da suka yi kukan banza ba. Rana ta faɗa cikin teku ja wur, kamar an biya ta ta burge mu. Merrilyn ta ci jatan lande goma sha huɗu. Na ƙirga ne a ɓoye, da farin ciki.

Ta tambaye ni ko na ga ɗayar safata shuɗiya. Ban gani ba.

Talata, 8 ga Yuli, goma na safe

Na kunna hita, farantin ya sake ihu, sai na yi masa abin da sarakunan dā suke yi wa manzo mai mugun labari: na cire masa batir. Akwai kwanukan wankewa, kuma namiji ba ya karɓar umarni daga roba.

Talata, biyu na rana

Na mayar da batir.

Merrilyn tana kwance a rumfa da jiƙaƙƙen tawul a goshi. Ta ce kanta ne kawai. Ma'aikaciyar jinyar garin ta ce mun yi sa'a, ta kuma ƙara wasu kalmomi game da ni waɗanda ban ga dalilin adana su ba.

Laraba, 9 ga Yuli, tara na safe

Bronwyn ta kira.

"Baba, da gaske batir ka cire?"

"Na dakatar da shi ne na ɗan lokaci, bisa zargin tayar da hankalin jama'a."

"Ba Mama wayar."

Suka yi magana minti ashirin, ni kuwa na duƙufa wajen nazarin wani tururuwa. Da Merrilyn ta ajiye wayar sai ta kira ni da cikakken sunana.

"Lindsay, ban sha wahalar jinyar bara don in zo in mutu a kan wankin kwanuka ba. Bronwyn ta kama mini kujera a jirgin saman Normanton, ranar Juma'a ashirin da biyar. Idan kafin nan aka nuna mini dalili na gan shi da idona, na kuma yarda ba zai dawo ba, mu ci gaba. In ba haka ba, gida zan tafi, motar kuma a sayar."

"Masoyiyata, saura rabin nahiya."

"Saura rabin raina ma. Ina son abina."

A jikin ƙofarmu akwai taswirar ƙasar nan, da jan layin da take ja duk inda muka sauka. Ya taso daga kudu, ya zagaya yamma, ya hau arewa, ya tsaya a Karumba. Na yi mata alkawarin haɗe bakin layin nan a wata doguwar barandar asibiti mai warin magani, kuma ba ni da niyyar rubuta komai game da barandar.

Mai lasisin gyaran gas ɗaya ce a duk yankin, wata Shona, tana can cikin gonakin shanu. Sai ashirin da huɗu za ta dawo. An rufe gas. An haramta mini taɓa duk abin da ke da bututu.

Juma'a, 11 ga Yuli, bakwai na safe

Na yi wanka a banɗakin jama'a. Wani koren kwaɗo ya zauna a kan famfo yana kallona daga farko har ƙarshe, da irin kallon sufetocin makaranta.

Asabar, 12 ga Yuli, shida na yamma

An haramta mini aiki, amma ba a haramta mini bincike ba. Na fesa wa farantin maganin sauro: shiru. Na kai shi kusa da batiran mota: shiru. Na kai shi bakin janaretan mutumin Tasmania, ya yi ɗan tari, mutumin ya kore mu mu duka biyu. Batun wake kuwa, an gwada, an wanke ni.

Saura hita ke nan. Duk sau biyun da ya yi ihu, ita ce a kunne. Na rubuta wannan a matsayin gagarumin abin da na gano. Merrilyn ta ce ita ta gano shi tun ranar Litinin, tana sanye da silifa.

An gasa kifi a filin sansani kamar kowace Asabar. Wani ya kawo garaya irin tasu, Merrilyn ta ja ni muka taka. Gashinta da ya zube bara ya kai a sa masa mataji yanzu, kuma ya fito a murɗe, abin da bai taɓa yi ba. Na taka mata ƙafa sau biyu don murna.

Lahadi, 13 ga Yuli, sha ɗaya na safe

Ta zazzage jakar wanki, ta ɗaga katifa, ta leƙa bayan firji. Safar ba ta nan. Na ce safa ce kawai, akwai kanti a Normanton.

"Ita na fara saƙawa a kujerar asibitin nan," in ji ta, "da allura a hannuna ɗaya. Wata biyu na yi a kanta. Ba safa ce kawai ba."

Na amince ba safa ce kawai ba.

Talata, 15 ga Yuli, biyar da rabi na yamma

Merrilyn ta kama kifin baramandi! Tsawonsa ya kai daga kafaɗata zuwa yatsa. Ita kaɗai ta jawo shi, tana zaginsa da kalmomin da ban san ta ajiye ba. Ni na riƙe mata hula. Masu binciken nan na dā da suka ƙetaro nahiyar da raƙuma sun iso gaɓar nan ba su ko ga teku sosai ba, don laka da itatuwan fadama. Matata ta zo ta ɗauke wa tekun kifi.

Laraba, 16 ga Yuli, biyar na yamma

A zaman yau Bruno ya shafa jikin kabad ɗinmu, ya duba yatsarsa. "Farfesa, ta hanyar Burketown kuka biyo, amma babu jan ƙasa ko kaɗan a ciki. Mu sati biyu muna share ta daga cikin cokula. Wane asiri ka yi?"

An yi mini tambayar da na yi wata guda ina jira. Na miƙe tsaye. Na bayyana musu cewa kafin a hau hanyar da ba kwalta, mai hankali yana bin duk wata kafa da iska ke shiga motarsa, ya toshe ta da soso, ya manne da salatif. Mai hankali sosai kuma yana rubuta kowace kafa a takarda, domin ya cire su ɗaya bayan ɗaya idan ya iso. Na fito da takardar. Goma sha ɗaya na rubuta, goma sha ɗaya na soke. An yi tafi.

Bruno ya karanta a hankali, yana bi da babban yatsa. "Firji biyu, ƙofa, rufi… Hita fa?"

"Hita ba ta cikin jerin."

"To ai ita ta fi kowa haɗiyar ƙura. Tana daidai bayan taya. Mutum mai tsari irinka ya bar ta a buɗe?"

Na ce shayina ya huce, na shiga ciki.

Laraba, shida da rabi na yamma

Soson ya ƙare ne a bakin kogin Leichhardt.

Alhamis, 17 ga Yuli, tsakar rana

Ba ni da abin rubutawa game da safa.

Juma'a, 18 ga Yuli, uku na rana

Ina so in yi magana a kan adalci ga manyan mutane. Tarihi cike yake da janar-janar da suka tsara yaƙi har zuwa yawan ƙusoshin takalmin doki, sannan suka manta da kogi guda. Ba wanda ya ce musu wawaye. To, an ce, amma bayan sun mutu.

Ƙofar hitar tana waje, a gefen rumfa, taku ɗaya daga kujerar da Merrilyn ke zama tana saƙa tun safe har yamma. Ban taɓa lura da yadda matar nan ba ta zuwa ko'ina ba.

Lahadi, 20 ga Yuli, shida da rabi na safe

Ta tafi kallon gauraki da Concetta, matar Bruno. Na ɗauki sukundireba da awartakin juya nama. Ba gas na taɓa ba. Ƙofa na buɗe, kuma ƙofa ba bututu ba ce. Ciki baƙi ƙirin da kunkunniya. Na zura awartaki cikin kafar da wutar ke shan iska, na taɓo abu mai laushi, can ciki, inda mariƙin cokalin katako kaɗai zai iya tura shi. Ban taɓa yin aiki rabi-rabi ba. Na ja. Zare ɗaya ya biyo.

"Ikon Allah," in ji wata murya a bayana. Bruno ne, da kofi, da gajeren wando. "Zanzaron kudu da shuɗin ulu yake gini?"

"Bruno, kai mutum ne mai iyali."

"Shi ya sa nake ce maka ka faɗa mata yau. Na taɓa ɓoye wa Concetta cewa ni na take mata kaza da tarakta. Shekara tara ina ɗora wa kare. Ranar da karen ya mutu ta ce, to yanzu wa za ka ɗora wa?"

"Ina jiran lokacin da ya dace."

"Ka jira, aboki. Jirgi dai ba ya jira."

Talata, 22 ga Yuli, huɗu da rabi na yamma

Lokacin bai dace ba. Tana dariya da matan sansani, ba a katse wa mutum dariya.

Laraba, 23 ga Yuli, huɗu da rabi na yamma

Bai dace ba. Bruno ya zo zama sanye da safa ɗaya tak a ƙafar hagu, ya ce sabon yayi ne. Zan rama, ko a lahira.

Alhamis, 24 ga Yuli, sha biyu na rana

Shona ta zo da farar motarta, ƙura har gira. Merrilyn tana asibitin garin ana ɗibar jininta na wata-wata. Minti goma yarinyar ta yi, ta kwance abin da za ta kwance, ta zura wata doguwar waya mai ƙugiya, ta jawo.

Ba zan kwatanta abin da ya fito ba. Dunduniyarsa tana nan. Sauran ya ga duniya.

Ta kuma kankaro wani tsohon gidan zanzaro, bai fi kan yatsa ba, ta ajiye su gefe da gefe a kan teburi.

"Baba, ka ga, wuta tana son iska kamar ni da kai. Ka toshe mata hanci, sai ta ci rawaya, ta yi hayaƙi, gubar ta fito nan ta shige ta tagar da ke sama. Wannan," ta nuna gidan zanzaron, "ba zai hana sauro wucewa ba. Wannan kuwa…" Ta ɗaga safar da yatsa biyu. "Na ciro soso a motocinku, na ciro tsumma, na taɓa ciro burodi. Saƙar hannu dai yau na fara gani. Wa ya saƙa?"

"Matata."

"Kai, Baba." Ta goge, ta haɗa, ta kunna. Harshen wutar ya tashi shuɗi tsaf. Ta zagaya da na'urarta ciki da waje, ta bar hitar rabin sa'a: babu komai. Farantin ya yi shiru kamar waliyyi. "A takarda zan rubuta toshewa. Abin da ya toshe, kai za ka faɗa. Kuma in ka sake cire wa abin nan batir, zan ji labari, garin nan ƙarami ne."

Alhamis, biyu na rana

Na nuna wa Merrilyn gidan zanzaron a kan faranti, kamar kan maƙiyi. Ban yi ƙarya ba. Na ce, "Ga abin da aka samu a ciki," kuma an same shi a ciki.

Ta juya shi da allurar saƙa. "Wannan ɗan abin?" Ta leƙa ta kan igiyar shanya. "Bruno, kai ka san daji. Suna dawowa?"

Bruno ya dubi sama, ya dubi ƙasa, bai dube ni ba. "Zanzaro? Kullum, 'yar'uwa. Ka rushe yau, jibi ya sake gini."

"To shi ke nan," in ji ta, a hankali. "Ba zan kwana ina jiran ƙwaro ya yanke mini hukunci ba. Na gaji da abin da ke girma a ɓoye ba a sani ba."

Ta jawo akwatinta daga ƙarƙashin gado.

Alhamis, shida na yamma

Rana ta faɗi. An ce ta yi kyau.

Juma'a, 25 ga Yuli, tara na safe

Na shirya jawabi shafi uku, da gabatarwa, da misalai daga daulolin da suka shuɗe. Na sa taguwa mai kwala. Na sa safar da ta tsira a ƙafar dama. Na kai mata shayi a rumfa, akwatinta yana gefe a rufe, na ajiye ɗayar safar kusa da kofin.

Na buɗe baki, shafi uku suka gudu suka bar ni.

"Ni ne," na ce.

Ta dubi safar. Ta dubi ƙafata. Ta ɗaga abin, ta zura yatsa ta inda ya ƙone, yatsar ta fito tana gaishe ni. Kafaɗunta suka fara rawa, na ɗauka kuka ne, na durƙusa, gwiwata ta yi ƙara. Ashe dariya ce. Ta yi dariya har ta ƙware, har Concetta ta leƙo da ruwa.

"Da cokalin katako?"

"Da mariƙinsa."

"Shi ya sa miyata take warin taya! Yaushe?"

"A Leichhardt. Ranar da kika ce mu tsaya ki ɗan kwanta, duniya tana juya miki."

Dariyar ta lafa. "Zafi ne kawai ranar, Lindsay."

"Yanzu na sani. A lokacin na tsaya a waje ina neman abin da zan yi da hannuwana. Na ga kafa a buɗe, na toshe. Takarda kuwa ko tunawa da ita ban yi ba."

Ta daɗe tana shafa dunduniyar safar da babban yatsa.

"Kwana tara kana sane, kana kallona ina ta nema."

"Takwas da rabi."

"Tsohon banza." Ta sa ƙafa ta tura akwatin ƙarƙashin teburi. "Zanzaro ban san halinsa ba, ba ya jin magana, ba ya jin kunya. Kai kuwa shekara arba'in da huɗu ina tuƙa ka, na san inda birkinka yake. Kira Bronwyn. Kai za ka faɗa mata, da bakinka, ina ji."

Na kira. Ba zan adana abin da Bronwyn ta ce ba, amma ina kyautata zaton a tsakiya toshe baki ta yi don kada dariya ta fito.

Juma'a, biyar na yamma

An yanke mini hukuncin maimaita bayanin a zaman ƙarfe huɗu, a tsaye. Wannan karon shafi ukun sun dawo, har da ƙari. Wani jirgi ya wuce can sama, ko namu ne ko ba namu ba, Merrilyn ta ɗaga masa kofi. Mutum uku suka tashi a sace suka nufi motocinsu, na ji ƙarar sukundireba. Mutumin Tasmania ya dawo da soso a hannu.

Lahadi, 27 ga Yuli, takwas na safe, kan hanyar gabas

Shona ta sa wa kafar raga saboda zanzaro. Na yi wanka da ruwan zafi, tagar sama a rufe, ba kwaɗo, ba ihu. Na danna wa farantin maɓallin gwaji, ya yi ƙara ɗaya, na sara masa. Ƙonanniyar safar tana rataye a ƙusa kusa da shi, kuma an sanar da ni cewa nan za ta zauna har mu isa gida.

Merrilyn ta ja jan layinta daga Karumba zuwa Croydon tun ba mu isa ba, abin da ya saɓa wa ƙa'ida, amma ban ɗaga murya ba.

Da na buɗe takardata ta kafofin da ake toshewa a kuma buɗe, na tarar an ƙara layi biyu a ƙasa, da rubutunta.

Ta goma sha biyu: hita. Wannan ba a toshe ta, har abada.

Ta goma sha uku: bakin Lindsay. A duba shi kullum. Yana yawan ƙara, amma abu mai muhimmanci yakan maƙale a ciki.